Action Comics Fitowa ta 1000: Tambayoyi da Amsoshi kan Cikar Superman Shekara 80

Ranar 18 ga Afrilu 2018 kamfanin DC Comics na Amurka ya fitar da mujallar Action Comics karo na 1000. Wannan ita ce mujallar labaran zane da duniya ta fara ganin Superman a cikinta a 1938. Masu sha'awar irin waɗannan labarai sun sha tambaya game da wannan fitowa, musamman waɗanda suka san jarumin ta fim kaɗai. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawa.

Mece ce Action Comics, kuma me ya sa fitowa ta 1000 ta zama abin magana?

Mujalla ce da ake ba da labari a cikinta da zane, hoto bayan hoto, maganar kowane mutum tana cikin ɗan da'ira kusa da bakinsa. Fitowarta ta farko tana ɗauke da watan Yuni 1938 a bango, amma ta shiga kasuwa tun a watan Afrilu, kuma 18 ga Afrilu ce ranar da ake lissafi da ita. Shi ya sa DC ta saka fitowa ta 1000 a wannan rana, shekara 80 cif.

Babu mujallar jaruman Amurka da ta riga ta kai wannan lamba. Detective Comics, gidan Batman, ta girme ta, don tun 1937 take fitowa, amma sai a watan Maris 2019 ta kai dubu. A Ingila akwai mujallun yara na mako-mako irin su The Beano da suka daɗe da wuce dubu, sai dai su ba na jarumai ba ne. A harkar da mujallu da yawa ke mutuwa kafin su cika shekara biyu, wadda ta ratsa yaƙin duniya na biyu, ta ga zuwan talabijin, ta ga zuwan intanet, tana nan daram, ta cancanci a yi mata biki.

Idan wata-wata take fitowa, shekara 80 ai 960 ke nan. Ina aka samo sauran?

Lissafin daidai ne, kuma amsar tana da ɗan tsawo. Tsakanin 1988 da 1989 an mayar da mujallar ta mako-mako, daga fitowa ta 601 zuwa ta 642, abin da ya tura lambar gaba sosai. A gefe guda kuma an dakatar da ita na 'yan watanni a ƙarshen 1986, lokacin da aka sake wa tarihin Superman fasali, da kuma a 1993 bayan labarin mutuwarsa.

Babbar tangarɗar ta zo a 2011. A shekarar DC ta rufe dukkan mujallunta ta sake fara ƙidaya daga ɗaya, a shirin da ta kira New 52. Action Comics ta tsaya a 904, ta koma lamba 1 a hannun marubuci Grant Morrison, ta tafi har 52. A watan Yuni 2016 kamfanin ya dawo da tsohuwar ƙidaya: 904 a tara da 52 ya ba da 956, saboda haka fitowar da ta biyo baya ta zama ta 957. Daga nan aka riƙa fitar da ita sau biyu a wata, har lamba 1000 ta faɗo daidai kan watan bikin.

To, akwai hannun 'yan kasuwa a yadda ranar da lambar suka haɗu, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma fitowar nan dubu an buga su da gaske, mutane sun zana su, mutane sun saya. A ganina mayar da ƙidayar zuwa ɗaya a 2011 shi ne kuskuren, dawo da ita kuwa gyara ne.

Me ke cikin fitowa ta ɗaya ta 1938?

Shafi 13 kacal Superman ya samu. Sauran mujallar labaran wasu ne, har da na wani mai siddabaru da ake kira Zatara. Kuɗinta santi 10, an buga kwafi dubu 200. A bango an zana wani mutum sanye da shuɗin kaya da jar alkyabba ya ɗaga koriyar mota sama yana fyaɗa ta da dutse, mutane na gudu, ɗaya ya dafe kai da hannu biyu.

Wanda ya saba da Superman na fim zai yi mamakin na wancan lokaci. Ba ya tashi sama, tsalle yake yi mai nisa. Jaridar da Clark Kent, wato Superman a shigarsa ta ɗan jarida, ke wa aiki sunanta Daily Star, sai a 1940 ta koma Daily Planet. Babu babban abokin gabarsa Lex Luthor, babu koren dutsen nan kryptonite mai karya masa lago, wanda sai a 1943 ya ɓullo a wasan kwaikwayon rediyo. Lois Lane, 'yar jarida abokiyar aikin Clark, dai tana nan tun ranar farko, da kaifin bakinta.

Abokan gabarsa ma ba dodanni daga wata duniya ba ne. A cikin shafukan nan 13 ya fasa gidan gwamna cikin dare don ya ceci matar da za a kashe kan laifin da ba ta aikata ba. Ya damƙi wani magidanci da ke jibgar matarsa. Ya bi sawun wani dillali da ke sayen ɗan majalisa a Washington. Amurka a lokacin tana fama da raɗaɗin karyewar tattalin arziki, miliyoyin mutane ba aikin yi, kuma jarumin da aka ba su mai tsaya wa wanda aka zalunta ne. Duk wanda zai karanta fitowa ta 1000 ya riƙe wannan a ransa, don mafi kyawun labaranta can suka koma.

Masu kamfanin ba su gane abin da ke hannunsu da wuri ba. Daga fitowa ta 2 zuwa ta 6 babu Superman a bango, sai a ta 7 ya dawo, bayan ciniki ya nuna cewa saboda shi yara ke sayen mujallar.

Su wa suka ƙirƙiro shi?

Jerry Siegel, marubuci, da Joe Shuster, mai zane. Dukansu an haife su a 1914, Siegel a birnin Cleveland na jihar Ohio, Shuster a Toronto ta Kanada kafin iyayensa su ƙaura zuwa Cleveland. 'Ya'yan Yahudawa baƙin haure ne daga Turai, marasa hali, kuma sun haɗu a makarantar sakandare ta Glenville. Mahaifin Siegel ya rasu a 1932 lokacin da ɓarayi suka shiga shagonsa na tufafi. Samarin biyu sun yi shekaru suna yawo da labarin zuwa wajen masu jaridu ana mayar musu da shi, har edita Vin Sullivan ya karɓa don cike sabuwar mujallarsa. Zanen da suka shirya wa jarida ne suka yanka suka manna ya zama shafukan mujalla.

Da gaske ne dala 130 aka biya su?

Da gaske ne. Dala 10 kowane shafi, shafi 13, kuma da wannan kuɗi kamfanin ya mallaki Superman gaba ɗaya. Su biyu suka raba.

Gaskiya ne sun ci gaba da yi wa kamfanin aiki kusan shekara goma suna samun albashi mai kauri a ma'aunin lokacin. Amma abin da suka samu ɗigo ne idan aka kwatanta da abin da ke shigowa daga rediyo, jaridu, fina-finan zane da kayan wasan yara. A 1947 suka kai ƙara kotu suna neman haƙƙinsu. Ba su samu Superman ba, suka rasa aikinsu, aka kuma cire sunayensu daga mujallar. Shuster idonsa ya yi ta raguwa har zanen ya gagare shi, ya koma ƙananan ayyuka don ya ci abinci. Siegel ya ƙare yana aikin akawu a Los Angeles.

A 1975, da ake shirin babban fim ɗin Superman, Siegel ya rubuta wa 'yan jarida doguwar takarda yana bayyana halin da suke ciki. Masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka ɗauki maganar suka yi ta kai gwauro suna kai mari har ta shiga talabijin. A ƙarshen shekarar kamfanin Warner, wanda ya mallaki DC, ya amince zai riƙa ba kowannensu dala dubu 20 a shekara tare da kuɗin magani, ya kuma mayar da sunayensu kan duk wani aiki na Superman. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. Takardar cek ɗin da aka biya su da ita a 1938 an yi gwanjonta a 2012 kan dala dubu 160.

Ba na iya kallon bikin fitowa ta 1000 ba tare da wannan ya tsaya mini a rai ba. Mutum biyu sun zana jarumin da ke ƙwato wa talaka haƙƙinsa, su kuma sai da suka tsufa kafin a ba su ɗan abin da zai rufa musu asiri. Sa hannu sun yi, doka tana gefen kamfanin, amma abin da doka ta halatta ba kullum ne yake zama adalci ba.

Labari ɗaya ne a fitowa ta 1000 ko da yawa?

Da yawa ne. Shafi 80 ce, kuɗinta a 2018 dala 7.99, kuma an tara gajerun labarai daga manyan marubuta da masu zane, kamar gidan biki da kowace maƙwabciya ta shigo da ƙwaryarta. Dan Jurgens, wanda ya rubuta kuma ya zana mutuwar Superman a 1992, shi ya buɗe da labarin ranar da birnin Metropolis, inda Superman ke zaune a labarin, ya shirya wa jarumin taron godiya, shi kuwa hankalinsa na kan barazanar da ke tafe daga sararin samaniya. Peter Tomasi da Patrick Gleason sun zaga da shi cikin zamunansa daban-daban, kowane shafi hoto guda babba. Louise Simonson da Jerry Ordway sun nuna Clark Kent da saura minti biyar ya miƙa wa editansa rahoto, ga kuma mutane na neman ceto a waje. Marv Wolfman ya ɗora sabon rubutu a kan zanen Curt Swan, wanda ya shafe shekaru kusan talatin yana zana Superman kafin rasuwarsa a 1996. Akwai kuma gudummawar Scott Snyder da Paul Dini.

Wanne ne ya fi kyau a cikinsu?

Kowa da zaɓinsa. Nawa shi ne ɗan labarin motar, wanda Geoff Johns da Richard Donner suka rubuta, Olivier Coipel ya zana. Donner shi ne daraktan fim ɗin Superman na 1978, Johns kuwa ya taɓa zama yaronsa a ofis kafin ya shahara.

Sun ɗauki tambayar da ba wanda ya yi a shekara 80: motar nan da ke bangon fitowa ta ɗaya, ta wace ce, kuma me ya faru washegari? A labarin 1938 mai motar wani ɗan daba ne, Butch. Ya nemi ya ƙwace Lois a wurin rawa, ta zabga masa mari, ya sace ta a mota, Superman ya cim musu ya zazzage su ya ragargaza motar, ya rataye Butch a kan turken waya. Sabon labarin ya same shi a garejin bakanike da tarkacen motarsa, yana ƙoƙarin bayyana abin da hankali ba zai ɗauka ba. Sai ga Superman ya dawo. Bai ɗaga masa hannu ba. Ya bincika tarihinsa, ya san maraya ne da ya tashi babu mai tsaya masa, ya ce masa yana da zaɓi: ya ci gaba da cutar mutane, ko ya zama wa wasu yaran mutumin da shi bai samu ba yana ƙarami. 'Yan shafuka ne, babu faɗa, amma a nan na ga dalilin da ya sa jarumin ya kai shekara 80. Ƙarfi ba shi ne abin ba. Jarumai masu ƙarfi sun cika mujallun Amurka. Wanda zai iya niƙe mutum ya zaɓi ya zauna ya yi masa nasiha shi ne ba a cika samu ba.

Biyu kuma sun biyo shi a kusa. Brad Meltzer da John Cassaday sun ba da labarin daƙiƙa guda: ɗan bindiga ya ɗora wa wata mata bindiga a ka a tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa, ya harba, Superman na tafe ya kuma san ba zai iso kan lokaci ba. Matar ce ta yi ta maza ta ture bakin bindigar da kanta, wannan ɗan motsi ya ba shi ƙiftawar idon da yake buƙata. Tom King da Clay Mann kuwa sun kai mu biliyoyin shekaru gaba, rana ta kumbura tana shirin haɗiye duniya, Superman ya zo ziyarar ƙarshe kabarin manoman nan biyu da suka tsince shi suka rene shi. Duk wanda ya binne iyayensa zai ji wannan labari a ƙirjinsa.

Me ya sa aka yi ta surutu kan jan wando?

Tun 1938 Superman na sanya ɗan gajeren jan wando a kan shuɗin kayansa, irin shigar 'yan kokawa da masu nuna ƙarfi a dandalin wasanni na wancan zamani. A 2011 aka cire shi da sunan zamanantarwa. Tsofaffin masoya ba su ji daɗi ba, suka yi ta ƙorafi shekara bakwai. A bangon fitowa ta 1000, wanda Jim Lee ya zana, wandon ya dawo.

Wane ne Brian Michael Bendis, kuma me ya kawo sunansa?

Marubuci ne da ya shafe kusan shekara 18 a Marvel, babban abokin hamayyar DC, inda ya taimaka wajen ƙirƙiro jarumai irin su Miles Morales da Jessica Jones. A ƙarshen 2017 ya sauya sheƙa, aka miƙa masa ragamar Superman. Labarinsa da Jim Lee ya zana shi ne na ƙarshe a fitowar. Ya gabatar da wani sabon mugu, Rogol Zaar, wanda ya yi iƙirarin cewa shi ne ya hallaka Krypton, duniyar da aka haifi Superman.

A wurina wannan ne mafi rauni a mujallar. Ba cikakken labari ba ne, ɗanɗano ne na jerin fitowa shida da suka biyo baya, wato talla. Sannan tunanin kansa bai kwanta mini ba. A tsohon labarin, Krypton ta hallaka ne saboda shugabanninta sun ƙi sauraron masanin da ya gargaɗe su, mahaifin Superman. Wannan ya fi nauyi da ma'ana a kan a ce wani ƙato ne daga waje ya zo ya fasa ta.

Na ga hotunan bango iri-iri. Wanne ne na ainihi?

Na Jim Lee shi ne babban bango. Ban da shi an buga wasu takwas, kowanne na wakiltar shekaru goma na tarihin jarumin: Steve Rude ya zana na shekarun 1930, Michael Cho na 1940, Dave Gibbons na 1950, Michael Allred na 1960, Jim Steranko na 1970, Joshua Middleton na 1980, Dan Jurgens na 1990, Lee Bermejo na 2000. Wasu shaguna ma sun yi odar nasu bangon na musamman. Abin da ke ciki duk ɗaya ne.

Idan na samu kwafi na adana, zai yi tsada nan gaba?

Kada ka sa rai. Fitowa ta 1000 ta sayu kusan kwafi rabin miliyan a shagunan Arewacin Amurka, ita ce kan gaba a 2018, kuma yawancin masu saye sun sanya ta cikin leda sun adana. Abin da kowa ya ɓoye ba ya tsada.

Fitowa ta ɗaya ta yi tsada ne saboda babu wanda ya ɗauke ta da daraja. Yara sun karanta sun yaga, iyaye sun zubar, aka kuma tattara tsofaffin takardu don aikin yaƙi a shekarun 1940. Daga dubu 200, ana ƙiyasin kimanin ɗari ne suka rage. Akwai kamfani a Florida, CGC, da ke duba lafiyar kwafi ya ba shi maki daga 0.5 zuwa 10 ya rufe shi cikin roba mai tauri, kuma makin ne ke yanke farashi. A 2014 an sayar da kwafi mai maki 9.0 a shafin cinikin intanet na eBay kan dala miliyan 3.2. A watan Afrilu 2024 wani mai maki 8.5 ya tashi dala miliyan 6 a gwanjon kamfanin Heritage. Kwafin ɗan wasan fim Nicolas Cage, wanda aka sace daga gidansa a 2000 aka gano shi a wani ɗakin ajiya a 2011, ya wuce dala miliyan 2 a shekarar.

An taɓa yin wannan darasi. A 1992 mutane sun yi layi suna sayen fitowar mutuwar Superman bibbiyu, uku-uku, da tunanin za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a da ita. An buga miliyoyi, jarumin ya dawo da rai bayan 'yan watanni, kasuwar ta faɗi, shaguna da yawa suka rufe. Kuma a kula: an sake buga fitowa ta ɗaya sau da dama, saboda haka ganin bangon koriyar motar ba ya nufin na 1938 ne a hannunka.

Wanda bai taɓa karanta Superman ba zai fahimce ta?

Zai fahimta. Yawancin labaran kowanne na tsaye da ƙafarsa, kuma sanin da aka samu daga fim ya isa. Da Turanci take, ana samunta a takarda da kuma ta manhajar Kindle. Shawarata ita ce a fara neman shafukan nan 13 na 1938 a karanta, waɗanda ke cikin kundin cika shekara 80 da DC ta fitar a watan Afrilu 2018, sannan a shiga ta 1000. Labarin motar sai da haka yake bayar da cikakken daɗinsa.

Akwai wasu fitowar Action Comics da suka yi fice?

Akwai. Luthor ya fara bayyana a ta 23 a 1940, wani mugun, Brainiac, a ta 242 a 1958, Supergirl, 'yar uwar Superman, a ta 252 a 1959. Ta 775, a 2001, ta haɗa Superman da wasu sababbin jarumai masu kashe abokan gaba, ta tambaya ko tausayinsa ya zama tsohon yayi. Ta 900, a 2011, ta tayar da ƙura a siyasar Amurka, saboda a wani gajeren labari da ke cikinta Superman ya ce zai ajiye takardar zama ɗan ƙasar don kada a riƙa ɗaukar duk abin da ya yi a matsayin manufar gwamnatin Washington.

Har yanzu DC ce ke da Superman?

Ita ce. Magadan Siegel da na Shuster sun sake komawa kotu bayan rasuwarsu, aka yi shekaru ana shari'a, hukuncin da kotunan Amurka suka yanke a 2012 da 2013 ya bar haƙƙin a hannun kamfanin. Sai dai dokar Amurka ta ba ayyukan wancan zamani kariyar shekara 95 ne. Ranar 1 ga Janairu 2034 abin da ke cikin fitowa ta ɗaya zai zama na kowa a Amurka: Superman mai tsalle, Clark Kent na Daily Star, da Lois Lane. Abubuwan da aka ƙara daga baya, irin su Luthor da kryptonite da Supergirl, kowanne zai jira cikar nasa wa'adin, sunan Superman a matsayin tambarin kasuwanci kuma zai ci gaba da zama na DC.